Yaren Can

A fadarmu ta Zango, bayan isha'i,
in shayi ya kai zagaye na biyu,
Tanimun kan ce, "Tashi, Ɗan Lami,
yi mana na mutanen Sin."
Ni kuwa ba na jan rai.
In toshe hanci, in ja gefen ido da yatsa,
in zuba: cin-can-cun, wa ya ci, wa ya sha.
Kiyari ya faɗi daga benci,
Tanimun ya ƙware da gyaɗa.
Da wannan na sha shayin shekara uku
ban taɓa sayen sukari ba.

Ran wata Laraba tayar babur ta sace
daidai ƙofar mai facin da ke gefenmu.
Mai babur ɗan Sin ne, makanike a matatar mai,
takalminsa duk jar ƙasar hanya.
Sunansa Can. Wallahi, Can.
Muka ce daga can ya zo, dole.

Ina tsakiyar wasa, baya gare shi,
ban ga idon Kiyari yana kashe ni ba.
Na kai ƙarshe. Shiru.
Har tafasar buta ana ji.
Sai murya a bayana:
"Sannu da aiki. Maimaita, ban gane ba."
Da Hausa.
Hausa mai ɗingishi, amma da ƙafarta ta zo.

Aka ba shi tabarma, aka ba shi kofi.
Ya ce wata takwas yana faɗa da gari da gari,
wanda ake zama da wanda ake tuƙawa,
ya ce mu ma da hawa da sauka muke magana,
kunne ne bai saba ba.
Sannan ya miƙe, ya ɗaga haɓa,
ya ce, "Ga yadda kuke a kunnena ran farko:
ƙa-ƙa-ɗa-ɗa, to, to, madalla, to!"
Fada ta watse da dariya.
Ni ma na yi, amma tawa
ta tsaya a maƙogwaro kamar ƙayar kifi.

Na tuna Kano, shekarar da na kai fatu,
wani yaron shago ya ji na ce jika biyu,
ya kira maƙwabta: "Ku zo ku ji ɗan Faransa!
Wi, wi, mushe!"
Na sayar, na ƙirga kuɗina daidai,
amma har muka wuce Matamai
ban buɗe baki a mota ba.

Kiyari Babarbare ne, Buba Bafillace,
kullum suna yanka juna ba wuƙa.
Wannan gado ne, kakanni suka ƙulla,
kowa da sandarsa a hannu.
To ni da Can wa ya ƙulla mana?
Shekara uku ina dukan mutum
a inda ba ya nan balle ya rama.

Wayarsa ta yi ƙara, ya juya gefe.
Yaren nan da na mai da gwangwani
ya fito a hankali, kamar ana lallashin yaro.
Ban tsinci komai ba sai kalma guda:
mama.
Ya faɗe ta sau uku.
Buba ya rage rediyo ba wanda ya sa shi.

Faci ya kamu. Ya biya, ya ƙi karɓar canji.
Ya ce mini, "Hancinka ya yi yawa a ciki.
In kana so, Laraba, in gyara maka."

Jiya Tanimun ya sake cewa in tashi.
Bakina ya yi ƙaiƙayi, ba zan ɓoye ba,
abin yana da daɗi, kuma na iya.
Na juya cokali a kofi.
Na ce, "Bari sai Can yana nan."
Yau ni na sayi sukari.